Rikicin Mallakar Fili da Gida a Najeriya: Yadda Doka ke Tantance Mai Haƙƙi

Rikicin mallaka shi ne saɓanin da ke tasowa idan mutum biyu ko fiye suka yi iƙirarin haƙƙi a kan fili ko gida guda, ko kuma idan bayan an gama ciniki aka gano cewa wanda ya sayar ba shi da ikon sayarwa. Irin wannan ƙara tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a kotunan Najeriya. Ba abin mamaki ba ne a shigar da ita a Babbar Kotu, ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta isa Kotun Ƙoli bayan shekara goma ko fiye, a lokacin da wasu daga cikin shaidun farko sun riga mu gidan gaskiya, magada ne ke ci gaba da biyan lauyoyi.

Tushen dokar

Duk maganar mallakar ƙasa a Najeriya tana komawa ne ga Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a ranar 29 ga Maris, 1978. Sashe na 1 na dokar ya danƙa dukkan ƙasar da ke cikin kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Najeriya. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani. Gwamna ne ke bayar da shi a birane, kuma takardar shaidar da ake kira C of O yawanci tana ɗauke da wa'adin shekara 99 idan wurin zama ne. A karkara, ƙaramar hukuma na iya bayar da haƙƙin gargajiya, amma ba za ta wuce hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da amincewar gwamna. Waɗanda suke riƙe da filayensu tun kafin 1978 kuwa, sashe na 34 da na 36 sun ɗauke su tamkar an riga an ba su haƙƙin, ko da ba su da takarda.

Tsarin ba baƙo ba ne a Arewa, domin Dokar Riƙon Ƙasa ta 1962 ta tsohuwar Jihar Arewa ta riga ta ɗora ƙasa a ƙarƙashin kulawar gwamnati. A Kudu ne sauyin ya fi girma, inda dangi da al'ummomi suka saba riƙe ƙasarsu kai tsaye. Sashe na 315(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya killace dokar, ta yadda ba a iya gyara ta sai ta hanyar gyaran kundin kansa. Shi ya sa duk da kwamitin gyaran harkar ƙasa da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, dokar tana nan yadda take.

Abuja na da nata tsarin. Sashe na 297 na kundin ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ƙasar Babban Birnin Tarayya, kuma a shari'ar Madu da Madu ta 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa minista ne kaɗai ke da ikon bayar da fili a can, babu haƙƙin gargajiya. Wanda ya sayi fuloti a ƙauyukan gefen birnin da takardar basarake kawai, ya sani cewa a gaban kotu takardar ba ta tsayar da mallaka.

Amincewar gwamna

Sashe na 22 ya hana mai haƙƙin zama ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa haƙƙinsa ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ɓatacce ne. Shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989 ce ta nuna kaifin wannan sharaɗi. Mai fili a Legas ya jinginar da kadararsa ga banki domin bashi. Da bankin ya tashi sayar da ita, sai ya garzaya kotu yana cewa ba a nemi amincewar gwamna ba, don haka jinginar ba ta inganta ba. Kotun Ƙoli ta yarda da shi, ta ce sharaɗin ya shafi har waɗanda suka mallaki filayensu kafin 1978. Hukuncin ya sha suka, kuma da dalili, domin wanda doka ta ɗora wa alhakin neman amincewar shi ne ya ci ribar rashin nemanta. A 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta: ana iya ƙulla yarjejeniya a sa hannu kafin amincewar ta fito, sai dai cinikin yana rataye har sai ta fito.

Domin kauce wa kuɗi da jinkirin neman amincewa, masu saye da dama, musamman a Abuja, kan tsaya ga takardar wakilci da mai sayarwa ke ba su. A shari'ar Ude da Nwara ta 1993 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ne kawai na yin aiki a madadin mai wuri.

Yadda ake tabbatar da mallaka a kotu

Ƙa'idar farko tsohuwa ce, tun shari'ar Kodilinye da Odu ta 1935: mai ƙara zai yi nasara ne da ƙarfin hujjarsa, raunin hujjar abokin shari'arsa ba zai ɗauke shi ba. Dole kuma ya nuna wurin da yake nema daidai, da iyakokinsa, ta yadda safiyo zai iya ɗaukar bayanin ya zana taswira. Ƙararraki masu yawa kan faɗi tun a nan, kafin ma a kai ga tambayar wa ya mallaka. Idan iyaka ce ake jayayya a kanta, alƙali na iya tashi da kansa ya je ya ga wurin.

A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, wadda ta taso daga Warri, Kotun Ƙoli ta zayyana hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka, kuma har yau su lauyoyi ke bi. Akwai tarihin gargajiya, akwai takardun mallaka ingantattu, akwai ayyukan mai wuri kamar sayarwa da bayar da haya da noma na tsawon lokaci, akwai daɗewa cikin riƙo da amfani, sannan akwai mallakar wurin da ke maƙwabtaka ta yadda hankali zai ɗauka cewa mai shi ne mai wurin da ake rikici a kai. Hanya ɗaya ta isa idan ta tabbata.

Tarihin gargajiya shi ne ya fi wahala. Mai dogaro da shi sai ya faɗi wanda ya fara saran wurin, da yadda ya sare shi, da jerin waɗanda suka gada ɗaya bayan ɗaya har zuwa kansa, ba tare da giɓi ba. Idan ɓangarorin biyu suka kawo tarihi mai karo da juna, kuma kowanne na iya zama gaskiya, kotu kan bi ƙa'idar shari'ar Kojo da Bonsie ta 1957, wadda ta samo asali daga ƙasar Gana, ta auna labaran biyu da abin da ya faru a shekarun baya-bayan nan: wa ke noma wurin, wa ke karɓar kuɗin haya, wa ya hana wani shiga.

Game da takardu kuwa, akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu. Mutane da yawa na ɗaukar cewa wanda ya riƙe C of O ya gama magana. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar hujja ce ta farko kawai, wadda ake iya rushewa. Idan aka tabbatar cewa wani na da haƙƙi a wurin tun kafin a bayar da ita, kuma ba a soke haƙƙinsa bisa doka ba, takardar ba ta da amfani. Haka nan idan ma'aikatar ƙasa ta ba mutum biyu fuloti guda: a shari'ar Dantsoho da Mohammed ta 2003, wadda ta taso daga Kano, kotun ta ce na farko ne mai wuri, domin bayan an bayar da haƙƙi babu abin da ya rage da za a sake bayarwa sai an soke na farkon. Rajistar takardar ciniki a ofishin rajistar ƙasa tana ba mutum fifiko a kan wanda ya zo daga baya, amma ba ta gyara cinikin da tun asali ɓatacce ne. Mai rasit kawai, wanda ya biya kuɗi kuma ya shiga wurin, yana da haƙƙin da kotu ke karewa bisa adalci, sai dai haƙƙin na iya faɗuwa a gaban wanda ya saya da zuciya ɗaya, ya kammala takardunsa, ba tare da sanin cinikin farko ba.

Filin dangi da na gado

Babban kaso na rikice-rikicen yana fitowa ne daga cikin gida. A ƙasar Yarabawa da wasu sassan Kudu, fili na dangi ne, kuma ƙa'idar shari'ar Ekpendu da Erika ta 1959 ce ke aiki. Idan manyan 'yan dangi suka sayar ba tare da shugaban dangi ba, cinikin ɓatacce ne tun daga tushe. Idan shugaban ne ya sayar a madadin dangi ba tare da yardar manyan ba, cinikin yana nan har sai sun je kotu sun nemi a rushe shi, kuma sai sun yi hakan ba da jinkiri ba. Hausawa 'yan kasuwa da ke sayen filaye a gefen Legas da Ogun sun san 'yan ƙasar da ake kira omo onile, waɗanda wani reshe na dangi kan sayar, wani reshen ya biyo baya yana neman nasa kuɗin, wani kuma ya tsaya a bakin gini sai an biya shi kafin a zuba harsashi. Dokar Kare Kadarori ta Jihar Legas ta 2016, wadda Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa wa hannu, ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya ƙwace wuri da ƙarfi.

Al'adar gado ma na shafar ingancin ciniki. A ƙasar Bini, gidan da uba ya zauna har ya rasu, wanda ake kira igiogbe, na babban ɗansa namiji ne bayan kammala bukukuwan binnewa, kamar yadda shari'ar Idehen da Idehen ta 1991 ta tabbatar. A 2014, a shari'ar Ukeje da Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, saboda ta saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki. Wanda ya sayi gidan gado daga hannun 'ya'ya maza kaɗai, yana iya samun 'yar'uwarsu a kotu.

A Arewa, matsalar da aka fi gani ita ce ɗaya daga cikin magada ya sayar da gida ko gona kafin a raba gado. Abin da ya mallaka kasonsa ne kawai, wanda ba a riga an ware ba. Ko da kason nasa ya sayar, fiƙihun Malikiyya ya ba abokan tarayyarsa haƙƙin shuf'a, wato su biya mai saye kuɗin da ya bayar su karɓi kason. Akwai kuma tsofaffin gonakin aro da na jingina, inda kakanni suka yi magana da baki a gaban dagaci, jikoki kuma suka tashi suna ganin gonar tasu ce.

A nan ne hauzi ke shigowa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya riƙe wuri shekara 10 yana gini ko noma a matsayin mai shi, alhali mai da'awar yana gari, yana gani, bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin 'yan'uwa wa'adin kan kai shekara 40, saboda kunya da kara da ke hana dangi yi wa juna magana. Amma hauzi ba ya aiki idan aka tabbatar cewa asalin shigar aro ne, ko haya, ko jingina. A nan kam, idan mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. Dokokin jihohi ma na da nasu wa'adin shigar da ƙarar neman fili: shekara 12 a Legas, shekara 10 a wasu jihohin, ko da yake kotuna sun sha cewa wa'adin bai shafi ƙasar da ake riƙe da ita bisa al'ada ba.

Wace kotu ce ke da hurumi

Kai ƙara kotun da ba ta da hurumi na cikin abubuwan da suka fi cinye shekaru a banza, domin ana iya tayar da batun hurumi a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli, kuma idan ya tabbata duk abin da aka yi ya rushe. Sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun jiha shari'ar filin da gwamna ya bayar da haƙƙinsa. Sashe na 41 ya ba kotunan yanki da na gargajiya ikon sauraron shari'ar filin karkara, kuma a shari'ar Adisa da Oyinwola ta 2000 Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotu ma na iya sauraron irinta. Kotun majistare ba ta yanke hukuncin mallaka. Babbar Kotun Tarayya ma haka, bisa hukuncin Adetayo da Ademola na 2010.

Abin da ya fi rikita mutane a Arewa shi ne ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 na kundin ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran da suka shafi aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. A shari'ar Magaji da Matari ta 2000 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jayayyar mallakar fili zalla ba ta cikinsu, ko da duka ɓangarorin Musulmi ne. Idan rikicin na rabon gado ne, can za a je. Idan na wa ya mallaka ne, Babbar Kotu ce hanya.

'Yan sanda ba su da ikon cewa wane ne mai fili, duk da yadda ake yawan kai musu irin wannan ƙorafi. Nasu shi ne ɓangaren laifi: takardun jabu, kutse da ƙarfi, da sayar da wuri ɗaya ga mutane da yawa. Dokar zamba ta 2006, wadda hukumar EFCC ke gurfanar da mutane a ƙarƙashinta, ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi kuɗi da yaudara. Ɗaure mazambaci ba ya mayar da fili ga wanda aka cuta idan tun farko filin na wani ne.

Sulhu

Kafin kotu, yawancin rikice-rikicen iyaka da na gado kan mutu ne a zauren mai unguwa, ko dagaci, ko hakimi, inda ake da dattawan da suka san inda tsohuwar kuka ko jerin aduwa ya raba gonaki. Kotuna na mutunta irin wannan hukunci idan ɓangarorin sun kai kansu da yardarsu, sun amince za su bi, kuma an bayyana hukuncin. Rauninsa shi ne rashin rubutu.

A birane akwai cibiyoyin sulhu da ke haɗe da kotu. Ta Legas, wadda aka buɗe a 2002, ita ce ta farko, Abuja da Kano da wasu jihohi suka biyo baya. Idan aka daidaita aka sa hannu, alƙali kan amince da yarjejeniyar ta zama hukuncin kotu. Dokar Sasanci da Shiga Tsakani ta 2023 ta ƙara wa wannan hanya ƙarfi. Ta fi dacewa da rikicin da kuɗi ke iya kashewa, kamar na kamfanin gine-gine da ya kasa miƙa gida, ko mai sayarwa da ya yarda zai mayar da kuɗi ko ya ba da wani fuloti. Ba ta ɗaure wanda bai shiga cikinta ba, don haka ba ta isa soke takardar da gwamnati ta bayar ba idan babu gwamnatin a zaman.

Binciken da ake yi kafin a biya

Lauyoyin kadara kan fara da ofishin rajistar ƙasa: Alausa a Ikeja ga Legas, AGIS ga Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, NAGIS a Nasarawa. A can ake ganin sunan mai wuri, da ko akwai jinginar banki, ko gargaɗin da wani ya shigar, ko bashin harajin ƙasa. Daga nan sai ofishin Safiyo-Janar, a ɗora taswirar a kan ta gwamnati, a ga ko wurin na cikin wanda aka karɓe don hanya ko wani aiki, a kuma tabbatar cewa lambobin turakun iyaka da ke ƙasa su ne a takarda. A Legas, filin ƙauye sai an ga cewa gwamnati ta sake shi kuma an buga a gazet. Idan kamfani ne ke sayarwa, ana duba rajistarsa a hukumar CAC; idan kayan mamaci ne, ana neman takardar izinin kula da gado ko takardar rabon da kotu ta yi. Rajistar kotu ma wuri ne na dubawa, domin wanda ya sayi fili alhali ana shari'a a kansa, hukuncin da aka yanke wa mai sayarwa ya hau kansa. Maganar dillali ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan, tunda la'adarsa na rataye ne da faɗuwar ciniki.

Abin da kotu ke iya bayarwa

Wanda ya yi nasara kan sami hukuncin da ya ayyana shi a matsayin mai haƙƙi, da diyyar kutse, da umarnin hana sake shiga, wani lokaci da umarnin soke takardar abokin shari'arsa. Tun ana tsakiyar shari'a ana iya neman umarnin dakatar da gini. Mai saye da ya rasa wurin na iya komawa kan mai sayarwa ya nemi kuɗinsa da diyya, idan ya same shi da abin biya.

Makomar ginin da aka riga aka yi ita ce tambaya mai zafi. A dokar da aka gada daga Ingila, abin da aka kafa a ƙasa na mai ƙasa ne, sai fa idan mai wurin ya zuba ido ana gini, ya yi shiru da gangan har aka gama, inda kotu kan ƙi taimaka masa. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, ya bambanta tsakanin mai ƙwace da wanda ya saya bisa rashin sani. Mai ƙwace ana umartarsa ya cire gininsa, ko mai wuri ya biya shi ƙimar ɓaraguzai. Wanda ya saya da zuciya ɗaya kuwa, mai wuri zai biya shi ƙimar ginin yana tsaye. Idan ya ƙi, mai ginin ya biya ƙimar filin. Idan shi ma ya ƙi, sai su zama abokan tarayya, kowa gwargwadon ƙimar abinsa.

Idan gwamnati ce ta karɓe wurin, sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙi domin amfanin jama'a, amma sai an miƙa wa mai wurin sanarwa yadda sashe na 44 ya tsara, kuma kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi ba sanarwa, ko wadda aka yi domin a ba wani mutum don amfanin kansa. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gine-gine ce da shuke-shuke da sauran aikin da aka zuba a wurin, tare da harajin ƙasar da aka biya na shekarar. Ƙimar filin kansa ba ta cikin lissafi.